Darasi: shekarun yaro a gaban doka

Ƴan uwa masu karatu, darasinmu na yau a kan shekarun ɗiyanmu yake. A ƙauye mun saba auna yaro da ido. In ya iya riƙon hauya, mu ce ya girma. In yarinya ta yi jiki, mu ce ta isa aure. Doka ba ta auna yaro da ido. Shekaru take ƙirgawa. A 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara. Yarjejeniyar ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba, yaro ne.

1. Lakkol

Dokar ilimi ta 1998 ta ce gwamnati ta ɗauki nauyin ilimin yara daga shekara 4 zuwa 18. Yaro yana shiga ajin farko yana da shekara 6 ko 7. Ƙaramar lakkol aji shida ce. A 2017 gwamnati ta ƙara wata doka don kare karatun ɗiya mata. Uban da ya riƙe ɗansa gida don kiwo har lokacin shiga ya wuce, ya tauye shi.

2. Aiki

Dokar aiki ta 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki a kamfani ko wurin sana'a kafin shekara 14, ko da koyo zai yi. Aiki mai hatsari kuwa, sai shekara 18. Shiga ramin zinariya aiki ne mai hatsari. Ɗaukar kaya mai nauyi da taɓa maganin ƙwari su ma haka. Yaro ya taimaki iyaye a gona da gida, wannan tarbiyya ce. Amma kada taimakon ya hana shi zuwa aji, kada ya karya mishi jiki.

3. Aure

Dokar zaman jama'a da muka gada daga zamanin Faransa ta sa shekara 18 ga namiji, 15 ga mace. Amma yawancin aurenmu bisa al'ada ake ɗaura shi, ba a tambayar shekaru. Binciken gwamnati na 2012 ya nuna cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, mata 76 an yi musu aure kafin su cika 18. Yarinya ƙarama ƙugunta bai gama girma ba. In naƙuda ta daɗe, jariri yana iya mutuwa, ita kuma ta samu ciwon yoyon fitsari. Shekara 15 ita ce iyaka ta ƙasa. Doka ba ta ce dole a aurar da ita a 15 ba. In tana karatu, a bar ta ta gama.

4. Laifi

Dokar hukunci ta 1961 ta ce yaron da bai cika shekara 13 ba, ba a yanke mishi hukunci. Matakin kariya da tarbiyya ake ɗauka. Daga 13 zuwa 18, alƙali yana duba ko yaron ya san abin da yake yi. In ya sani, ana hukunta shi, amma hukuncin bai kai na babba ba. A 1999 aka kafa alƙalan yara, a 2014 aka sabunta dokarsu.

5. Takardar haihuwa

Duk waɗannan dokoki suna bukatar shaida. Yaron da jandarma suka kama, ba ya da takarda, mi zai nuna shekararshi 12 ce ba 14 ba? Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa. Ana sanarwa a gidan likita, ko wurin mai rubutu na ƙauye, ko gidan magajin gari. Sanarwar kyauta ce. In lokacin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Ranar suna, bayan an yanka rago, a tuna da takarda.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Yaron da aka haifa a 2015, wace shekara zai cika 14?
2. Yarinyar da aka haifa a 2012, wace shekara za ta cika 18?
3. Yara nawa ne a gidanka ba su da takardar haihuwa? Ka rubuta sunayensu, ka kawo wa malami ranar karatu mai zuwa.