Gidaje a Kulle, Jama'a Na Neman Muhalli

Duk wanda ya zaga unguwannin Maitama da Asokoro a Abuja, ko Ikoyi a Legas, zai ga manyan gidaje an gama gininsu, amma babu kowa a ciki sai maigadi. A daidai wannan lokaci kuwa dubban ma'aikatan Abuja suna kwana a Mararraba ta Jihar Nasarawa da Suleja ta Jihar Neja, suna sammako kullum cikin cunkoson motoci. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya fahimci dalilin haka.

Me Ya Sa Gida Ke Zama Babu Kowa?

Na farko shi ne tsada. Yawancin waɗannan gidaje an gina su ne domin masu hannu da shuni, kuma akan nemi kuɗin hayar shekara guda ko biyu a dunƙule, ban da ladan dillali da na lauya.

Na biyu, wasu attajirai sun mai da gida ma'ajiyar dukiya. Da yake darajar Naira na raguwa, gini kuwa ƙara kuɗi yake yi, maigida ba ya gaggawar sa ɗan haya.

Na uku, rikicin gado da na takardu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna, ba a kuma sayar da fili mai takardar mallaka sai da yardarsa. Idan takardu suka maƙale, ko magada suka shiga kotu, gida yakan yi shekaru a rufe.

Na huɗu, dukiyar da ba ta halal ba. A Disamba 1, 2024 ta shige da kwana guda, wato ranar 2 ga wata, kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya rukunin gidaje 753 a Lokogoma, Abuja, bayan binciken hukumar EFCC.

Darasi Daga Baya

Gwamnatin Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Amma da yawa an gina su nesa da gari, babu ruwa, babu wuta, babu hanyar kirki, saboda haka wasu suka daɗe ba a shige su ba. Gidajen Festac da aka gina a Legas domin bikin 1977 kuwa nan da nan suka cika, domin an haɗa su da hanyoyi da sauran abubuwan more rayuwa. Ashe yawan gidaje kaɗai ba ya biyan bukata, sai an dubi inda aka gina su da abin da aljihun talaka zai iya ɗauka.

Ra'ayoyi Biyu

Wasu masana na ganin a aza haraji a kan gidan da aka bari a kulle, kamar yadda birnin Bankuba na Kanada ya fara a 2017, domin a tilasta wa masu shi su ba da haya. Wasu kuma sun ce mai dukiya yana da iko da abinsa, kuma ko an buɗe gidajen Maitama duka, malamin makaranta ba zai iya kama ɗaya ba. A ganinsu maganin shi ne sauƙaƙa samun fili da rance mai rangwame, a gina ƙananan gidaje kusa da wuraren aiki. Kowane ɓangare na da tasa hujjar.

Abin da Ya Rage wa Jama'a

Ana jawo hankalin masu gidaje su yi rajistar takardunsu, magada kuma su raba gado da wuri kafin damina ta rushe abin da aka bar musu. Ma'aikaci ya nemi bayani a Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya game da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi ke ba mutum damar neman rancen mallakar gida. Gidan da ba a zaune a ciki hasara ne ga mai shi, hasara ne kuma ga ƙasa baki ɗaya.