Daga Maƙerar Gaya zuwa Jadawalin Sinadarai: Tarihin Jadawalin da Matsalar Sunayensa a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin jadawalin sinadarai daga 1789 zuwa 2016, sannan ta auna sunayen da Hausa ta gada daga maƙera da fatake a kan ma'aunin jadawalin. An gano cewa wasu sunayen suna nufin tsantsar sinadari, wasu kuwa haɗaɗɗen abu suke nufi. Rashin bambance su yana gurɓata fassarar kimiyya.

1.0 Gabatarwa

Ruwayar baka ta Abagayawa ta nuna cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama har ya sauka a gindin Dutsen Dala. Binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa ya gano alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya. Mai narka tama yana cakuɗa ta da gawayi, ya zuga wuta har ƙarfe ya rabu da dattinsa. A fahimtar kimiyya, tama ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin, gawayin kuma shi ke janye iskar. Ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin tama da ƙarfe a aikace. A nan za a kira irin ƙarfe tsantsar sinadari, wato wanda ba ya rabuwa zuwa wasu sinadarai, irin tama kuma haɗaɗɗen sinadari. A kan wannan bambanci aka gina jadawalin.

2.0 Tarihin Jadawalin

A 1789 Bafaranshe Antoine Lavoisier ya fitar da jerin abubuwa 33 da ya ɗauka ba sa rabuwa, har da haske da zafi waɗanda daga baya aka cire. A farkon ƙarni na 19 John Dalton na Ingila ya kawo ra'ayin cewa kowane tsantsar sinadari yana da ƙwayar zarra mai nauyi na kansa. Wannan ya ba masana ma'aunin jerawa.

A 1829 Bajamushe Johann Döbereiner ya lura da sinadarai uku-uku masu kama da juna. Nauyin litiyam 7 ne, na fotasiyam 39. In aka haɗa aka raba biyu sai a sami 23, wato nauyin sodiyam. Taron masana a Karlsruhe a 1860 ya taimaka wajen daidaita alƙaluman nauyi ta hanyar aikin Stanislao Cannizzaro. A 1865 John Newlands ya nuna cewa ɗabi'u suna maimaituwa a kan kowane sinadari na takwas, amma takwarorinsa a Landan ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Lothar Meyer ma ya fitar da nasa tsarin a Jamus.

Wanda ya yi zarra shi ne Dmitri Mendeleev na Rasha. A 1869 ya jera sinadarai 63 da aka sani bisa nauyi da ɗabi'a, ya bar guraben waɗanda ba a gano ba. A 1871 ya bayyana siffofin uku daga cikinsu dalla-dalla. An gano galiyam a 1875, sikandiyam a 1879, jamaniyam a 1886, siffofinsu kuwa suka yi kusa ƙwarai da hasashensa. Haka kuma ya sa teluriyam gaban aidin, alhali teluriyam ya fi nauyi, domin ɗabi'arsu ta nuna hakan.

Dalilin wannan ya bayyana a 1913, lokacin da Henry Moseley ya tabbatar cewa lambar ƙwayar zarra, wadda a yau aka san ita ce yawan furoton, ita ce ainihin ma'aunin jerawa. Teluriyam 52 ne, aidin 53. A 2016 aka tabbatar da sunayen sinadarai huɗu na ƙarshe, jadawalin ya cika 118, cikin layuka 7 a kwance da rukunai 18 a tsaye. 'Yan rukuni ɗaya suna da ɗabi'u masu kama da juna.

3.0 Sunayen Hausa a Kan Jadawalin

Hausa tana da tsofaffin sunaye ga tsantsar sinadarai da dama: baƙin ƙarfe, lamba 26, jan ƙarfe, 29, azurfa, 47, kuza, 50, zinariya, 79, zaiba, 80, dalma, 82, farar wuta, 16. Kusan duka suna cikin sinadaran da ɗan Adam ya sani tun kafin a yi kimiyyar zamani. Rabon sana'ar ƙira ma yana da alaƙa da jadawalin. Maƙeran baƙi suna sarrafa ƙarfe, maƙeran fari kuwa suna aiki da irin su azurfa da jan ƙarfe. Jan ƙarfe da azurfa da zinariya duk 'yan rukuni na 11 ne, masu laushin buguwa da jure tsatsa. Abin da maƙerin fari ya gane da hannunsa, jadawalin ya bayyana dalilinsa.

4.0 Inda Fassara ke Tuntuɓe

Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki sunan haɗaɗɗen abu aka ba tsantsar sinadari. Ga misalai huɗu.

Na farko, kanwa. A Turancin Nijeriya ana kiran ta da sunan da aka ciro kalmar fotasiyam daga gare shi, don haka mai fassara yakan zaci fotasiyam ce. Alhali kanwar da fatake ke kawowa daga ƙasar Manga da yankin Tafkin Chadi galibinta haɗin sodiyam ne da kabon da oksijin. Tokar itace ce ke da wadatar fotasiyam, kuma daga sinadarin da ake tatsa a jikinta Humphry Davy ya ware shi a 1807.

Na biyu, gishiri. Haɗi ne na sodiyam, lamba 11, da kulorin, lamba 17. Sodiyam shi kaɗai ƙarfe ne mai laushi da ke tafasa har ya kama wuta in ya taɓa ruwa, kulorin kuwa iska ce mai guba. Kiran sodiyam gishiri yana ɓoye wa ɗalibi darasin haɗuwar sinadarai gaba ɗaya.

Na uku, tagulla. Kalmar tana ɗaukar jan ƙarfe tsantsa, tana kuma ɗaukar gaurayensa da kuza ko da wani ƙarfen, kamar a lambar tagulla ta wasanni. Don haka jan ƙarfe ya fi dacewa da gurbi na 29.

Na huɗu, kwalli. Yawancin kwallin dutse haɗin dalma ne da farar wuta, kuma dalma guba ce, musamman ga ƙananan yara. A 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Mai faɗakarwa da Hausa yana buƙatar ya iya cewa akwai dalma a cikin wannan dutse, ko da ido bai gan ta ba, masu sauraro kuma su fahimce shi.

5.0 Kammalawa

Malamin kimiyya a sakandaren Gaya ko Ajingi yana karanta littafi da Turanci, amma sau da yawa da Hausa yake warware wa ɗalibai abin da ya shige musu duhu. Kalmar da ya zaɓa a wannan lokaci ita ke zama a kan ɗalibi. Saboda haka maƙalar ta ba da shawarar ƙa'idoji uku ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi. A riƙe tsohon suna inda yake nufin tsantsar sinadari, kamar dalma da kuza. A bar kanwa da gishiri da tama da kwalli ga haɗaɗɗun sinadarai. A ari sunan duniya da rubutun Hausa inda babu na gado, tare da alamarsa da lambarsa. Akwai kuma buƙatar a tattara kalmomin tsofaffin maƙeran Gaya da Kano tun suna raye, domin a auna kowace kalma a kan jadawalin kafin a shigar da ita ƙamus.