Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Lauya Yake Hutawa?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Falanko, cikin ƙasar Damargu. Ya ce ɗansa yana sha'awar zama lauya, shi ne yake son ya ji yadda rayuwar lauya take, ko aikin yana barin mutum ya kula da iyalinsa.

To, Malam, mun gode. Yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Wanda shari'a ta kira shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram sai ya ci tafiyar kilomita wajen 900, in kuma a Tanut ne, ya ƙara gaba ta hanyar Agadas.

Da sassafe lauya yake saka baƙar rigarsa ya nufi kotu, ya zauna jiran a kira shari'arsa. Da yamma ya saurari masu ƙorafi a ofis, da dare kuma ya duƙufa kan takardu. Rikicin gona da burtali tsakanin manomi da makiyayi yana bukatar ya laƙanci dokar karkara ta 1993 da al'adun yankin, domin sarakunan gargajiya ne ke fara yin sulhu kafin magana ta kai gaban alƙali.

Masu dabara a cikin lauyoyi kan keɓe Asabar da Lahadi don yara da zumunci, su sha shayi a fada, su kalli kokawar takobi in lokacinta ya zo.

Saboda haka, Malam, ka ƙarfafa masa gwiwa. Talakan Damargu yana bukatar ɗan gida da zai tsaya masa a kotu.