Darasin Juma'a: Gargaɗin da ke jikin kwalin sigari

Da yawa cikinmu masu tireda ne ko masu tebur, kullum kwalin sigari yana wucewa ta hannunmu. To, mu tsaya mu duba abin da ke jikinsa.

A Amurka an fara rubuta gargaɗi a kan kwali a 1966, ɗan layi guda a gefe. Da aka ga ido ya saba da rubutu, sai Kanada ta fara sa hotuna a 2001, Brazil ta biyo baya a 2002. A 2003 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar da ta ce kada gargaɗin ya gaza kashi 30 cikin 100 na gaba da bayan kwali, an fi so ma ya kai rabi. Indiya ta kai nata kashi 85. Ostireliya kuwa tun 2012 ta hana ado gaba ɗaya: launi ɗaya mara kyan gani, sunan kamfani da ƙananan haruffa. Yanzu a Kanada har jikin kowane kara ana buga gargaɗi.

Duk wannan wahalar don me? Hukumar ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga ciki ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suke shaƙa. Wato mata da yara da ke ɗaki ɗaya da mai shan.

A nan gida, manyanmu sun tuna tsohon gargaɗin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya cewa mashaya na iya mutuwa da ƙuruciya. Dokar taba ta 2015 ta ƙara tsanani, a 2021 kuma aka wajabta hoto ya rufe rabin kwali. Amfanin hoto shi ne ko wanda bai iya Turanci ba zai gane.

Ga inda abin ya shafe mu. Wannan doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Wanda ya sayi kara ɗaya ai bai ga hoton ba, kwalin yana wajen mai tireda. Haka yaro yake farawa, da ɗan canjin aike. Ke nan mu ne muka tsaya tsakaninsa da gargaɗin.

Malamanmu kullum suna tuna mana cewa jiki amana ne, kuma Shari'a ba ta yarda mutum ya cuci kansa ko waninsa ba. Don haka mu daina aiken yara sayen taba, kada mu sayar musu ko da sun ce baba ne ya aiko. Wanda zai iya musanya ta da wata haja, ya yi, arziki na Allah ne. Mai sha kuma ya nemi taimakon likita, mu ma mu taya shi da addu'a ba da gori ba.

Allah Ya ba mu lafiya da halal mai albarka. Amin.