Yadda A Ke Kwance Notin Leɓen Madigadi In Ya Cije

Damina ta ɗauke, kaka ta kama. Yanzu ne motocin shiga daji, irin su Toyota Hilux da Land Cruiser da tsofaffin Land Rover, za su fara jigilar amfanin gona daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Wata huɗu ko biyar ke nan suna kutsawa cikin taɓo, sun kai taki, sun kai iri, sun kai 'yan ƙwadago. To, kafin a ɗora musu buhunan masara da shinkafa, akwai wani wuri da ya kamata mai mota ya leƙa, wanda galibi ba a kula da shi sai ɓarna ta auku. Wurin nan kuwa shi ne ƙarƙashin leɓen madigadi.

Madigadi shi ne ƙarfen nan da ya yi rumfa bisa ƙafar mota. Leɓensa kuwa shi ne baƙar robar nan mai tauri da a ke ɗaurawa a bakinsa, ta ɗan fito waje don ta tare laka da tsakuwar da taya ke watsowa. Land Rover na farko, waɗanda aka soma ƙerawa a Ingila a 1948, ba su da shi. Sai a 1983, da aka fito da samfurin One Ten mai faɗin ƙafafu, aka sa masa leɓe don ya rufe tayoyin. Yau motocin daji da yawa suna da shi.

Amfaninsa a fili ya ke, amma yana da illa guda. Laka ta kan shige tsakanin robar da ƙarfen ta maƙale, wanki ba ya kai gare ta. Ko bayan ruwa ya ɗauke ta kan daɗe da laima, tana cin ƙarfen a ɓoye. In motar tana ɗaukar takin zamani abin ya fi muni, domin taki irin su yuriya da NPK suna jawo laima, suna gaggauta tsatsa. Ran da mai mota ya ga fenti ya kumbura a gefen leɓen, to, ƙarfen ciki ya riga ya rube. Saboda haka ya kyautu a cire leɓen sau ɗaya a shekara a wanke bayansa. Haka kuma in kututture ya fasa shi a gona, dole a cire a sa wani. A nan ne a kan yi karo da noti wanda ya ƙi motsi.

Abin Da Ke Sa Noti Ya Cije

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ta kan ninka shi biyu ko fiye. In ta kama zaren noti, watau tiredi, sai ta kumbura ta cika 'yar kafar da ke tsakani, noti da mazauninsa su zama kamar abu guda. A Land Rover akwai ƙari. Jikinta na alminiyam ne, notinta kuwa na baƙin ƙarfe. In ƙarfe iri biyu suka haɗu, ga laima, sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana zama wani farin gari kamar toka, garin nan kuwa shi ma yana riƙe noti.

Abin lura shi ne notin nan ƙanana ne. Galibinsu kaurinsu milimita 6 ne, kansu kuwa na sifana mai lamba 10. Ƙato ɗaya da doguwar sifana ya isa ya murɗe shi ya tsinke. Watau ƙarfi ba ya kwance shi, sai dai ya karya shi. Aikin na dabara ne da jira.

A Fara Sanin Irin Abin Da Ya Riƙe Shi

Kafin a ɗauki sifana, a wanke ƙarƙashin madigadin da ruwa mai yawa, a bar shi ya bushe, sa'an nan a haska da tocila a duba. Za a tarar da ɗaya daga iri huɗu, wani lokaci ma a gauraye a mota guda.

Na farko, ƙusar roba. Tana da wani ɗan tsinke a tsakiyarta wanda in an danna shi ya kan buɗe ƙafafunta ta baya. Irinta ce ke riƙe leɓen Land Rover Defender, akwai ta kuma a motocin Japan da yawa.

Na biyu, sukuru mai shiga cikin ɗan maƙalin ƙarfe ko na roba da aka saƙala a bakin madigadin.

Na uku, noti mai mace a baya, wadda hannu zai iya kai wa gare ta.

Na huɗu, noti wanda macensa an dasa ta cikin ƙarfen motar tun daga masana'anta, ba a ganinta. Wannan shi ya fi ba da wahala.

Kayan aikin da za a tanada su ne: sifana mai zobe ko soket mai kusurwa shida daidai da kan notin, sukudireba, filaya, ƙaramar guduma, buroshin waya, magagari, da man jiƙa tsatsa. Ana sayar da na gwangwani mai feshi, irin su WD-40. In babu, kananzir da aka gauraya da baƙin mai zai yi. Waɗansu makanikai su kan zuba man birki. A guji wannan, domin yana ɗaye fenti. Ruwan batir kuwa kada ma a kusanto da shi, yana cin ƙarfe, yana cin fatar mutum.

In ana son sarari a cire taya. Amma a ja birkin hannu, a sa waigi a sauran ƙafafu, a tokare motar da katako mai kauri. Kada mutum ya sa kansa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a tokare da bulo, domin ya kan farfashe ba labari.

Ƙusar Roba

Ba a fizgarta gaba ɗaya. A sa bakin ƙaramar sukudireba a ɗago tsinken tsakiya tukuna, ƙafafun za su tsuke, sai jikin ya fito da sauƙi. Akwai irin da a ke tura tsinken ciki maimakon a ɗago shi, a duba da kyau. In ƙasa ta cika ta, ruwan sabulu ya fi mai amfani a nan. A shimfiɗa tsumma ƙarƙashin sukudireban don kada ta karce fenti.

Roba ta kan yi gautsi in ta sha rana shekara da shekaru, ta fi kuma saurin karyewa da sanyi. Saboda haka a lokacin hunturu kada a yi aikin da sassafe, a bari hantsi ya dubi ludayi, motar ta ɗumama. In ƙusar ta ƙi, a tsinke ta a sayi sabuwa. Kuɗinta kaɗan ne. Leɓen shi ne mai tsada, shi za a tattala.

Notin Ƙarfe

Da fari a goge kan notin da bayansa da buroshin waya har ƙarfe ya bayyana. A zuba man jiƙa tsatsa, musamman ta baya inda zaren ya leƙo. A ɗan ƙwanƙwasa kan da guduma sau goma ko fiye, ba da ƙarfi ba, don girgizar ta fasa tsatsa man ya sami hanya. Sa'an nan a tafi a bar shi ya kwana. In tsatsar ta yi yawa a riƙa zuba man safe da yamma har kwana biyu ko uku. Mai son fara aiki ran Asabar sai ya soma jiƙawa tun ran Laraba.

In lokaci ya yi a sa sifana mai zobe ko soket, a tabbata ta zauna har gindin kan. Kada a yi amfani da sifana mai buɗaɗɗen baki, ko wadda ta ɗara kan notin girma, domin su ne ke cinye kusurwoyi. A fara ɗaure shi kaɗan, kamar kaurin farce, sa'an nan a juya hagu. Wannan ɗan ɗaurin shi ke karya riƙon tsatsa. In ya motsa kada a yi ɗoki. A kwance rabin juyi, a mayar kwata, a ƙara mai, a sake kwancewa, da haka da haka har ya fito. In aka ji ya yi ƙara yana ƙiƙi, alama ce mai kyau, yana tafiya. Amma in aka ji ya yi laushi farat ɗaya kamar ana murɗa danƙo, a tsaya nan take. Wuyansa ne ke murɗewa, saura kaɗan ya tsinke.

Sukuru kuwa, a kwaƙule ƙasar da ke cikin tsagar kansa da tsinken ƙarfe, a sa sukudireba daidai da shi, a buga gindinta da guduma ta zauna, a danna da ƙarfi ana juyawa. Dannawar ta fi juyawar muhimmanci. Waɗansu motoci kan sukurunsu mai siffar tauraro ne, yana da tasa sukudireba dabam, kada a tilasta masa wata.

In Abin Ya Ɓaci

In kan ya cinye ya zama mulmulalle, a sa magagari a goge gefe biyu su yi baje, a kama da filaya mai kulle. Ko kuwa a buga masa soket wadda ta ɗan gaza shi girma har ta cije. In sukuru ne, a yi masa sabuwar tsaga da zarton ƙarfe a sa sukudireba mai faɗin baki.

In noti yana juyawa amma ba ya fitowa, macen da aka dasa ce ta saki ƙarfen motar, suna juyawa tare. Wanda ya ci gaba da juyawa faɗaɗa ramin kawai ya ke yi. In hannu zai kai ta baya, mutum ɗaya ya riƙe ta da filaya, ɗaya ya kwance. In ba zai kai ba, a cusa bakin sukudireba ƙarƙashin kan notin ana ɗagowa ana juyawa a hankali, sau da yawa hakan ya kan sa macen ta kama. In duk ya faskara, sai a huje kan. A fara dasa alama a tsakiyarsa da tsinin ƙarfe, a huda da baki mai milimita 3, sa'an nan a bi da mai milimita 6 har kan ya faɗi. A riƙa hujin a hankali ana ɗiga mai, domin in notin ya yi zafi zai narka robar da ke kewaye da shi. Da leɓen ya fita, sauran guntun ya bayyana, aikinsa ya yi sauƙi.

In ya tsinke ya bar guntu a waje, a sake jiƙa shi a kama da filaya mai kulle. In daidai da ƙarfe ya tsinke, mai walda zai iya ɗora mace a kansa ya narka ta ciki, zafin waldar ma yana taimakawa wajen sakinsa. Amma lalle a cire wayar batir tukuna, motocin yanzu suna da na'urorin lantarki da walda ke iya lalatawa.

Gargaɗi Game Da Wuta

Gaskiya ne zafi yana sakin noti, amma ba a kusantar da wuta sai an cire robar duka. A madigadin baya, gefe guda, nan bututun zuba mai ya bi zuwa tanki. Ga kuma tiyon birki da wayoyin fitila. Man da aka jiƙa notin da shi ma mai kama wuta ne, sai an goge shi. Alminiyam kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi, da ya kai zafin digiri 660 sai kawai a ga ya zube. Kada kuma a yi wannan aiki kusa da tarin kara ko harawa, kaka ce, kome a bushe ya ke. Mai huji da mai goge tsatsa su sa tabarau, ɓarɓashin ƙarfe in ya faɗa ido sai asibiti.

Wajen Mayarwa

In leɓen ya fita a wanke bayansa, a kankare tsatsar madigadin har ƙarfe mai haske ya fito, a shafa fentin hana tsatsa, a bari ya bushe sarai. Notin da ya ba da wahala kada a mayar da shi, a sayi sabo mai ruwan tutiya. A shafa wa zaren kowane ɗaya giris, a sa washa mai faɗi don kada kan ya nutse cikin roba. A saƙala dukansu sako-sako tukuna, leɓen ya zauna daidai, sa'an nan a bi ana ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe. Ɗauri na hannu ɗaya da gajeriyar sifana ya isa, in aka matsa robar ta kan tsage.

Daga nan kuma, duk ran da motar ta kai taki ko ta shiga fadama, a watsa ruwa ƙarƙashin ƙafafunta kafin laka ta bushe.

Mai gaggawa ya kan karya noti huɗu cikin rabin sa'a, sa'an nan motarsa ta yi kwana biyu a gareji, amfanin gonarsa na jibge a masussuka, 'yan kasuwa sun saya wurin wani. Wanda ya jiƙa ya jira kuwa, ba abin da ya kashe sai kwalbar kananzir. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa a kwashe amfani lafiya.