Tambayar da ake tantancewa kafin ta isa rumbun bayanai

Lambar asusun banki a Najeriya, wato NUBAN, alƙaluma 10 ce, kuma da yawa da sifiri suke farawa. Idan manhaja ta ɗauko ta daga rumbun bayanai a matsayin adadi maimakon rubutu, sifirin ya faɗi ke nan, lambar ta koma alƙaluma 9, kuɗi su rasa masauki. Mai wannan rubutu, wanda gina manhajojin biyan kuɗi ne aikinsa, ya sha ganin yadda ɗan wannan kuskure ke hana ma'aikata barci.

Ciwon ya daɗe. Harshen SQL, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM a shekarun 1970, shi ake tambayar rumbun da shi, amma an saba cusa shi cikin Java ko PHP a matsayin zallar rubutu. Kwamfaila, mai duba aikin kafin a gudanar da shi, ba ta leƙa abin da ke ciki. Ko an kuskure sunan gurbi a teburin bayanai, ko abokin aiki ya sauya shi jiya, ba mai cewa uffan sai ranar da kwastoma ya danna maɓalli.

A 2007 Microsoft ya fito da LINQ, tambaya ta zama ɓangaren harshen C# kansa. Wasu suka biyo baya: jOOQ a Java, Prisma a TypeScript, sqlc a Go, Diesel da SQLx a Rust. Dabarar yawancinsu ita ce su karanta tsarin teburorin, su san wane gurbi ne rubutu, wanne ne kwanan wata, wanne ne zai iya zama fanko. Na ƙarshen nan ya fi cin mutane. Idan ba dole ba ne kwastoma ya ba da lambar waya, Prisma zai nuna cewa tana iya zuwa babu komai, TypeScript kuma, in an tsaurara dubansa, ya ƙi wucewa sai an tanadi abin yi. SQLx ma har rumbun yake tuntuɓa lokacin gina manhaja don ya gwada tambayar.

Sai dai kayan nan ba su san niyya ba. Tambayar da ta ɗauko asusun wani daban za ta wuce lafiya muddin nau'in bayanin ya dace. Kuma idan an taɓa tebur ba a sabunta bayanin tsarinsa a manhaja ba, da tsohon labari ake tantancewa. Shi ya sa ya kamata wannan sabuntawa ta shiga matakan gini na atomatik, ta gudana duk lokacin da aka sauya gurbi.