Darasi: Neman Haihuwa a Asibiti, da Abin da Ke Wuyan Miji

 

Ya ƴan'uwa, neman maganin rashin haihuwa halal ne, Annabi Zakariyya (A.S.) ma ya roƙi ɗa bayan tsufa ya cim masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da wannan jarrabawa.

Daga cikin hanyoyin asibiti akwai haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin awo, sannan a mayar cikin mahaifa. A Ingila aka haifi jaririyar farko ta wannan hanya a 1978. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta yin haka in bukata ta kama, da sharaɗin ƙwai da maniyyi da mahaifa duk na ma'auratan nan biyu ne.

To, me ya kawo tsadarsa? Mace takan yi kwana goma ko fiye ana yi mata alluran da ke nuna ƙwai. Na'urar renon ƙwan kuwa ba ta jure yankewar wuta. Sannan bayan likitan mata akwai masanin ɗakin awo, wanda kwalaben mutane da yawa ke bi ta hannunsa. A nan muke jan hankali: kuskuren rubuta suna a kwalba guda yana iya cakuɗa nasaba. Saboda haka mu tambayi asibiti, ba kunya, wa ke riƙe kwalaben, kuma wa ke shaidarsa.

Gwaji guda na iya cin miliyoyin sefa, kuma sau da yawa ciki ba ya kamawa a karon farko, balle in mace ta haura shekara 40. Kafin a sayar da gona ko shanu, a nemi a rubuta kuɗin duka, har da na magani da na maimaitawa.

Abin takaici, mukan bar mace ita kaɗai tana jigilar asibiti da gorin dangin miji, alhali matsalar takan fito daga namiji, kuma awon maniyyi bai kai nata wahala ko tsada ba. Miji ya fara miƙa kansa a auna shi. Ranar karɓar sakamako kuma ya kasance zaune kusa da ita, abin da likita ya faɗa ya tsaya tsakaninsu.